Abin da ke kashe tsofaffin motocinmu a hanyar kasuwa

 

A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu yi zancen mota. Wani zai ce, ina ruwan malamin gona da mota? To, ai amfanin gona bai zama kuɗi ba sai ya isa kasuwa. Buhun waken da aka ɗora daga ƙauyukan Sukukutan ko na Dogon Kirya, in motar ta kwana biyu a daji, mai shi ya rasa ranar kasuwa. Dankalin Turawa na Dogon Dutsi da tumatirin fadama ba su jure zama cikin rana. Kuma motar nan da ke ɗaukar buhu da rana, ita ce ake bugawa ƙofar direbanta cikin dare in mace tana naƙuda. Saboda haka lafiyar motar ƙauye ta shafi kowa, har wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Motocinmu kuwa tsofaffi ne. Peugeot 404 ta fito a 1960, 504 ta biyo ta a 1968, kuma tun 1975 aka soma harhaɗa Peugeot a Kaduna, shi ya sa dattawanmu suka san bashe kamar yadda suka san jakinsu. Daga baya Toyota ta cika tasha: Hiace, Hilux da Land Cruiser. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, tamma ɗaya ta Faransa da ake saye sefa 50 ta koma sefa 100, duk abin da ake kawowa daga waje ya yi tsada. Tun daga nan mai mota a ƙauye ya dogara ga motar da Turawa suka gama hawa, da kayan gyara da aka ciro daga jikin wata. Babbar hanyar kwalta mai lamba 1 ta ratsa mu, daga Doso ta bi Kore Mai Ruwa da Dogon Dutsi ta wuce Birnin Ƙonni. Amma da an sauka daga kanta an nufi ƙauye, sai rairayi, sai gargada, da damina kuma sai laka da ƙorama.

Direbobi da yawa suna kula da inji. Suna duba baƙin mai da safe, suna zuba ruwa. Abin da ke ƙarƙashin mota, tsakanin inji da ƙafafu, shi ne ake mantawa da shi sai ranar da ya tsaya. Alhali kuwa ba ya tsayawa sai ya daɗe yana kuka.

Hanyar da ƙarfi ke bi

Injin mota yana juyi da sauri ƙwarai. In ana tafiya yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Ƙafar mota kuwa, wadda zagayenta wajen mita 2 ne, in ana gudun kilomita 60 a awa ba ta wuce juyi 500 a minti. Ke nan dole a sami abin da zai rage saurin inji ya mai da shi ƙarfi kafin ya isa ƙasa. Abubuwa huɗu ne ke wannan aiki, suna jere kamar mutanen da ke miƙa wa juna guga a bakin rijiya.

Na farko shi ne ambireyaj, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa kuloci. Shi ke haɗa inji da sauran mota, shi ke raba su. Na biyu akwatin giya, makanikanmu suna ce masa bwat. Na uku dogon sanda mai juyi da ke bin ƙarƙashin mota zuwa baya, ana ce masa kardan, a Sakkwato kuma furofela. Na huɗu shi ne tulun ƙarfen nan da ke tsakanin ƙafafun baya, wato fon. Ku riƙe sunayen biyu biyu, don mu mutanen bakin iyaka ne, yau a sayi kaya a Yamai, gobe a Sakkwato ko Argungu.

A giya ta ɗaya inji yakan juya wajen sau 15 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. A giya ta huɗu wajen sau 4 ne kawai. Shi ya sa giya ta ɗaya ke da ƙarfin ɗaga lodi amma ba ta da gudu. Wanda ya taɓa hawan keke mai giya ya riga ya gane wannan.

Ambireyaj

Ku ɗauki faifai biyu ku danne su tsakanin tafukanku. In kun juya ɗaya, ɗayan zai bi. In kun sassauta, ɗaya ya juya ɗaya ya tsaya. Haka ambireyaj yake. Akwai faifan ƙarfe mai fata irin ta birki a fuska biyu, ana ce masa disk. Akwai wani mai sifirin da ke danne shi a jikin babban faifan inji. In direba ya taka feda, dannewar ta saki, sai a canja giya. In ya ɗaga ƙafa, ya sake kamawa.

Duk lokacin da fedar take tsaka-tsaki, ba a sama ba ba a ƙasa ba, fatar tana gogar ƙarfe tana cinyewa. A nan ne rairayinmu ke yin ɓarna. Mota ta kafe a yashi da lodi, direba ya danna totur, ya riƙa sakin feda rabi rabi, gaba, baya, gaba, baya. Cikin minti goma sai ka ji wani ƙauri mai kama da na ƙonannen kofato. Fatar da za ta yi shekaru ce ta ƙone a wuri ɗaya. Abin da ya kamata a yi ba ya da daɗi, amma shi ne daidai: fasinja su sauka, a sauke buhu biyar ko shida, a tone yashin da ke gaban ƙafafu, a shimfiɗa rassa ko tsohuwar tabarma, a rage iskar taya kamar kashi ɗaya cikin uku, sa'an nan a fita a hankali. In an fita a mai da iskar. Rabin awa ta tafi, amma ambireyaj yana nan.

Akwai kuma wasu halaye biyu na direbobi. Wasu suna barin ƙafa a kan feda suna tafiya, kamar wurin hutawa. Wasu suna tashi da giya ta biyu alhali mota tana da lodi, wai don ta ɗaya tana da nawa. Duka biyun cin fata ne.

Ga alamar ambireyaj da ya ƙare. In an zo hawa, ko an danna totur, kukan inji ya ƙaru amma gudun mota bai ƙaru ba. Kuna iya gwada shi a fili inda babu mutane: a ja birkin hannu sosai, a sa giya ta uku, a ɗaga ƙafa daga feda sannu sannu. Mai lafiya zai kashe inji nan take. In inji ya ci gaba da aiki, ambireyaj yana zamewa. Kada a maimaita gwajin sau da yawa, shi kansa yana ci. Motar da ta soma zamewa kada a yi mata lodin kasuwa mai nisa. In aka ci gaba har fatar ta ƙare, ƙusoshin da ke riƙe da ita za su karce faifan inji, gyaran ya zama biyu.

Wani lokaci kuma kishiyar haka ke faruwa: an taka feda har ƙasa amma giya ta ƙi shiga, musamman ta ɗaya da ta baya. A motocin da fedarsu ke aiki da ruwa, a fara duba ɗan kwanon ruwan. Ruwan nan man birki ne, wanda makanikai ke ce wa lokid. In ya ragu, akwai inda yake yoyo. Kada a yarda wani ya cika shi da baƙin mai ko gazuwal don an rasa lokid, don suna kumbura robobin ciki, gaba ɗaya su lalace. A motocin da ke aiki da waya kuwa, sau da yawa ɗaure wayar kawai ake bukata. In kuma ana jin ƙara sai lokacin da aka taka feda, ta ɓace in an ɗaga ƙafa, wannan ɗan zoben da ke tura sifirin ne ya bushe.

Shawarata ga mai mota: ranar da aka sauke bwat don canja disk, a canja madanninsa da zoben nan gaba ɗaya in da hali. Wahalar saukewar ita ce babba, ba a so a biya ta sau biyu cikin shekara. A kuma duba ko akwai mai a jikin fatar, don in bayan inji yana yoyo, sabon disk ma zai jiƙe ya zame. Ku kuma yaran gareji, kada ku hura ƙurar ambireyaj da baki ko da iskar famfo. Fatar tsofaffin motoci tana iya ƙunsar wani zare da ake kira amiyant, mai illa ga huhu. Ku shafe da jiƙaƙƙen tsumma.

Akwatin giya da mansa

Cikin bwat haƙoran ƙarfe ne ke cuɗanya da juna, suna iyo cikin mai. Man ba shi da yawa. A ƙaramar mota bai fi lita 1 zuwa 3 ba. Ɗigo ɗaya ɗaya da ke zuba kullum, cikin watanni sai akwati ya bushe, kuma babu wata fitila a gaban direba da za ta faɗa masa.

Dubawar ba ta da wuya. A tsai da mota a wuri mai daidai. A gefen akwati akwai noti babba, nan ne bakin zubawa. A kwance shi a sa yatsa: in man ya kai bakin ramin, ya isa. In yatsa ya shiga ya fito a bushe, a ƙara. Abin lura, in za a canja mai a fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa da ke ƙasa. An sha ganin wanda ya tsiyaye mai duka, sa'an nan ya tarar notin sama ya ƙi kwantuwa.

Notin ƙasa yakan zo da maganaɗisu a kansa. Ku dube shi da kyau, don shi ne mai ba da labarin ciki. Ɗan baƙin gari mai laushi kamar kwalli, wannan ba kome. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji, haƙori ne ko ƙwallon rulma ya soma farfashewa. In man yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinariya, zobban tagulla ne ke cinyewa. Zobban nan, da ake kira sinkoro, su ke daidaita saurin haƙora kafin su haɗu. In sun ƙare sai ka ji "garr" duk lokacin da aka sa giya.

A nan akwai wata dabara da za ta hana a cuce ku. In ƙarar tana fitowa a giya ɗaya kawai, galibi ta biyu, to sinkoro ne. In tana fitowa a dukkan giya har da ta baya, a fara zargin ambireyaj da bai saki sosai ba. Kada a yarda a buɗe akwati sai an tabbatar da wannan. Motar da sinkoronta ya gaji tana iya daɗewa tana aiki in direba ya rage gaggawa, ya ɗan dakata a tsakiya kafin ya tura giya.

Giyar da ke fita da kanta ana cikin tafiya ita ce ba a wasa da ita. Na san akan ɗaura wa sandan giya robar tsohon tuyub, ko a sa yaron mota ya riƙe. In ta kuɓuce a gangara da lodi, inji ya daina riƙe mota, sai birki kaɗai. Wani lokaci maganin mai sauƙi ne: robobin da inji da bwat ke zaune a kansu sun tsinke, gargada tana girgiza su har giya ta fice. A fara duba su. In lafiyarsu ƙalau, to ciwon yana ciki.

Wane mai za a zuba? A nan mutane ke yin kuskure, don kowace mota da nata. Akwatin Peugeot 404 da 504 an yi shi ne don man inji. Na yawancin tsofaffin Toyota kuwa man giya mai kauri yake so, wanda za ku ga an rubuta 80W-90 ko 75W-90 a jikin galan. Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga amfanin karatu: ku karanta lambar da kanku. Ku guji man da ake aunawa a kwalba ba a san asalinsa ba, don wani lokaci wanda aka tsiyaye ne daga wata mota aka tace da tsumma. Littattafan motoci suna ƙidaya da kilomita, amma agogon kilomita na motocinmu da yawa ya daɗe da mutuwa. Saboda haka ku ƙidaya da shekara: a duba kowane wata, a canja sau ɗaya bayan damina, kafin jigilar kaka ta kankama.

Kardan

Sandan nan yana da gwiwa a kowane kai, wani ɗan ƙarfe mai hannu huɗu da ake kira kurwaziyon. In ya bushe sai ka ji "ƙwal" daga ƙasa duk lokacin da aka tashi ko aka saki totur, kuma mota ta riƙa karkarwa in an yi gudu. In kun ga jan gari kamar na tsatsa a gefen gwiwar, ta bushe ƙurmus. Wadda ke da ɗan bakin zuba giris, a zuba mata kowane wata, kuma bayan kowace ƙetarar ruwa. A kama sandan da hannu biyu a girgiza, mai lafiya ba ya wasa.

Gyaransa ba tsada, amma sakaci da shi yana kisa. In gwiwar gaba ta tsinke ana gudu, kan sandan ya faɗi ya caki ƙasa, yana iya ɗaga bayan mota ya kifar da ita.

In za a cire shi a yi alama da alli ko ƙusa, don a mai da shi yadda yake. In an juya shi, karkarwa za ta zo ko da kayan sababbi ne. Kuma wanda zai shiga ƙarƙashin mota ya sa duwatsu a gaba da bayan ƙafafu, ya tokare ta da kututture. Jak kaɗai ba abin dogara ba ne a kan yashi. Ku tuna kuma da an cire kardan, giya ba ta riƙe mota.

Fon da ruwan damina

Masu shanun huɗa sun san abin da ke faruwa a ƙarshen kunya. In an zo juyawa, sa na waje ya yi taku da yawa, na ciki ya ɗan taka kaɗan. Ƙafafun mota ma haka suke a kwana. Fon shi ne ke raba musu ƙarfi, ya bar ta waje ta fi ta ciki gudu. Cikinsa akwai babban haƙori mai kama da faifai, da ƙaramin da ke juya shi, da wasu ƙanana a tsakiya masu aikin rabo.

Ƙananan nan an yi su ne don ɗan aiki a kwana. In ƙafa ɗaya ta kafe ɗaya tana juyi a banza cikin laka, direba yana ta totur, su ne ke gudun da ba a yi su dominsa ba, har su ƙone. In kuma ƙafar da ke juyi ta kama ƙasa mai tauri farat ɗaya, sandan da ke cikin fon yana iya karyewa kamar kara. Haka nan in an sa wa baya taya biyu da girmansu ya bambanta, ƙananan haƙoran ba su hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Tayoyin baya su zama girma ɗaya.

Amma babban abokin gaban fon a ƙasarmu ruwa ne. A watan Yuli da Agusta ƙoramun da ke gangarowa Dallol Mawri suna yanke hanya, tabkuna suna cika. Motar da ta yi tafiya fon ɗinta yana da zafi. Da ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa ta tsuke, sai ya zuƙi ruwa ta ɗan hancin numfashi da ke samansa, ko ta robobin da suka tsufa. Ruwa ya gauraya da mai. In kun kwance noti kun ga man ya koma kamar kunu ko shayi da madara, ruwa ya shiga, a tsiyaye a ranar. Man da ya sha ruwa ba ya kare ƙarfe, kuma in mota ta kwana biyu a tsaye tsatsa ta kama rulma. Da yawan fon da ke mutuwa a watan Nuwamba ƙarƙashin buhunan gyaɗa, tun a Agusta aka kashe su. Ɗan tsayawa na minti goma sha biyar a bakin ruwa don ƙarfe ya huce yana rage wannan. Wasu makanikai suna sa wa hancin doguwar roba su ɗaure ta sama a jikin mota, dabara ce mai kyau.

Hancin nan kuma in laka ta toshe shi, iska mai zafi ta rasa mafita, sai ta turo mai ta robobin gefe. Man ya bi ya jiƙa birkin baya. In kun ga cikin ƙafar baya ya yi baƙi ya jiƙe, wannan ba ƙazanta ba ce kawai, birkin wannan gefen ba ya kamawa.

Fon mai ciwo yana kuka "wuuu" daga baya, kukan yana ƙaruwa da gudu, yana canjawa in an saki totur. In kukan yana canjawa ne lokacin da aka karkata dama ko hagu, a zargi rulman ƙafa, wannan ya fi sauƙi. Daidaita haƙoran fon aikin gwani ne mai ma'auni, ba na kowane mai guduma ba. Mansa kuwa man giya ne mai kauri. Sai dai wasu tsofaffin 404 da babban haƙorinsu na tagulla ne, suna da nasu mai na dabam, mai irin wannan ya tambayi tsohon makaniki.

Babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, wanda matasa ke jigilar taki da bulo da shi, shi ma yana da ɗan kardan da ɗan fon. Duk abin da muka faɗa ya shafe shi.

Kat-kat, ƙananan motoci da otomatik

Mai kat-kat ya sani motarsa tana da fon biyu, da wani ƙaramin akwati a bayan bwat mai raba ƙarfi gaba da baya. Wuraren duba mai huɗu ke nan. A tsofaffin Hilux da Land Cruiser, ƙafa huɗu ta yashi da laka ce. In an hau kwalta a fitar da ita. A ƙasa mai tauri ƙafafu ba su samun zamewa, sai ƙarafan su murɗe juna har wani ya karye.

Ƙananan motoci irin su Corolla da Starlet da ke ja da ƙafafun gaba ba su da dogon kardan. Suna da gajeru biyu, kowace gwiwa a lulluɓe da baƙar roba mai ninki, ana ce mata sufule. Ƙaya ko kututturen kara ya huda robar, giris ya fita, yashi ya shiga, ya zama dutsen niƙa. Bayan ƴan makonni sai ka ji "ƙas ƙas ƙas" in an karya kwana. Kuɗin robar bai kai na buhun hatsi ba, amma sai an sunkuya an gan ta tun ba a ji ƙarar ba.

Motar otomatik kuwa manta ja ne, mai ruwa ruwa. In ya koma baƙi yana ƙauri, ciki ya soma ƙonewa. Ba a zuba mata man giya na sauran motoci, ba a tura ta don ta tashi, kuma ba a jan ta da igiya tafiya mai nisa, don in inji a kashe yake mai ba ya zagayawa. Wanda ke zaune nesa da gari ya yi tunani kafin ya saye ta, masu gyaranta ba su da yawa.

Lodi, da sayen kayan gyara

Bashe da Hiace an yi su don ɗaukar wajen tan 1, wato buhu 10 masu kilo 100. Kowa ya san abin da ake ɗora musu ranar kasuwa: buhu ashirin, tumaki a sama, mutane a kan buhu. Ba direba kaɗai ke da laifi ba, mu manoma mu ke roƙo a ƙara mana ɗaya. Nauyin nan ambireyaj ke ɗaga shi, kardan ke murɗa shi, fon ke ɗauke da shi har wani lokaci ya lanƙwashe. In kuna ƙungiya, ku yi shawara da direba a yi sawu biyu, ko amalanke ta fitar da kaya daga yashi zuwa bakin babbar hanya. Kafin ku ɗora kayan da ba su jure rana, ku leƙa ƙarƙashin motar inda ta kwana. Ɗigon mai a ƙasa yana faɗin gaskiya.

In za a sayi kaya, sabo ko na hannu, a tafi da tsohon a gwada. A ƙirga haƙoran tsakiyar disk, a auna faɗinsa. In fon ne a ƙirga haƙoran babba da na ƙarami, don motoci masu suna ɗaya suna iya bambanta. A kat-kat lallai na gaba da na baya su zama lissafi ɗaya. In bwat ne na hannu, a juya shi a sa kowace giya, a kwance notin ƙasa a ga maganaɗisu, kuma a yi magana da mai kaya gaban shaida cewa zai karɓa in bai yi ba.

Ƙungiyar da ke da motarta ta sayi ɗan littafi na lakwal ta ajiye a cikin motar. A ba wani daga cikin waɗanda suka iya rubutu. Ya rubuta ranar da aka canja kowane mai da lambarsa, ranar da aka zuba giris, ranar da aka ƙetare ruwa mai zurfi, da ranar da aka fara jin wata sabuwar ƙara da inda take fitowa. In an je gareji a miƙa wa makaniki littafin tun bai ɗauki sufana ba.

Wanda ke da tambaya a kan wannan ya rubuto ta hannun shugaban ƙungiyar masu sauraro ta ƙauyensu, ya faɗi irin motar da irin ƙarar, za mu kai wa makanikai mu karanta amsar a rediyo.